Tambaya da Amsa: Kakan Matata Yana da Suna Uku, Wanne Ne Nasa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni Bakatsine ne, shekarata goma sha ɗaya ke nan ina zaune a jihar Vermont ta Amurka. Matata 'yar nan ce, kuma Allah ya albarkace mu da 'ya'ya biyu. Kwanan baya aka ba babban ɗanmu aiki a makaranta, ya zano salsalar gidansu. Ta wajena ban sha wuya ba, waya ɗaya na buga wa Baffa a Katsina ya jero mini kakanni shida a zama ɗaya. Ta wajen mahaifiyarsa ne muka cije. Abin da suka sani kawai shi ne kakan kakanta ya zo daga Kanada, ya yi aiki a masaƙa a garin Winooski. A dutsen kabarinsa an rubuta Lapoint, kuma sunan da gidansu ke amsawa ke nan har yau. A ƙidayar 1880 mun ga wani magidanci, sunan matarsa da na 'ya'yansa duk sun yi daidai, amma shi an rubuta Odett. A takardar baftismar wata 'yarsa kuma Audette. Ko sunansa na farko, wani wuri Joseph, wani wuri wani suna daban. Surukata ta fara zargin ko laifi ya yi a Kanada ya gudo ya sake suna, abin har ya soma hana ta sukuni. Shin mutum ɗaya ne ko uku? Kuma ta ina za mu bi mu kai ga garinsu?

Ɗan'uwanku a Vermont

AMSA

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, ka je ka kwantar wa surukarka da hankali. Abin da kuka gani bai yi kama da halin wanda ya gudu ba. Mai gudun hukuma ba ya zama a gari ɗaya yana amsa tsohon sunansa a coci. Ni da na karanta wasiƙarka, da idona ya sauka a kan Odett da Lapoint a jere sai na ji daɗi, don waɗannan sunaye biyu tsofaffin abokan tafiya ne. Sama da shekara ɗari uku ke nan ana rubuta su tare a kundayen cocin Kebek, lardin Kanada mai jin Faransanci, kamar haka: Audet dit Lapointe.

Wannan 'yar kalmar ta tsakiya, dit, da Faransanci tana nufin "wanda ake ce wa". Mu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mutum yana da sunan yanka, amma duk unguwa da laƙabinsa aka san shi, har a wayi gari jikokinsa ba su san sunan yankan ba sai ranar rabon gado. Bambancin kawai shi ne su can laƙabin ya hau kan sunan zuriya ne, ya kuma bi 'ya'ya da jikoki. Da yawa daga cikin laƙubban nan daga bariki suka fito. A 1665 Sarkin Faransa ya aiko rundunar Carignan-Salières, soja kusan 1,200, kuma a al'adar sojan Faransa na wancan zamani kusan kowane soja sai an laƙaba masa sunan yaƙi. Wani Lafleur, wato fure. Wani Jolicoeur, mai kyakkyawar zuciya. Wani Sansregret, marar nadama. Wani Tranchemontagne, mai tsaga dutse. Da aka sallami rundunar, kimanin 400 suka zauna, suka karɓi gona, suka yi aure, laƙabin ya zauna tare da su. Wasu laƙubban kuma daga garin da mutum ya fito ne, ko sana'arsa, ko yadda gonarsa take, ko a kan tsinin ƙasa da ya shiga kogi, ko kusa da maɓuɓɓuga.

Akwai kuma dalili na yau da kullum. Mutanen nan sun hayayyafa ƙwarai, gida ɗaya 'ya'ya goma, goma sha biyu, kuma sunayen yanka nasu kaɗan ne, ana ta maimaita Jean da Pierre da François. To a ƙauye ɗaya in akwai Pierre Rivard huɗu, da me za a bambanta su? Sai kowane reshe ya ɗauki laƙabinsa. Zuriyar Rivard kaɗai ta haifar da Lavigne da Loranger da Lanouette da Lacoursière da Dufresne. Zuriyar wani Paul Hus na yankin Sorel ta rabu ta zama Cournoyer da Millet da Latraverse da Paulhus. Haka Hudon dit Beaulieu, Miville dit Deschênes, Gauthier dit Larouche, Pépin dit Lachance. Limamin coci yau ya rubuta duka biyun, baɗi ya rubuta ɗaya, wanda ya gaje shi ya rubuta ɗayan. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 aka daina jera su, kowane gida ya riƙe guda. Saboda haka za ka tarar da wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, jikokin wan Audet, jikokin ƙanen Lapointe. Kakan matarka ya rayu ne daidai lokacin da ake wannan zaɓen, shi ya sa kuka kama shi da ƙafa ɗaya nan, ɗaya can.

Bari in gaya maka yadda na shiga wannan harka, don ni ba a makaranta na koye ta ba. Sa'ad da na baro Damagaram na zo karatu Montreal, na kama ɗaki a benen wata dattijuwa, Allah ya saka mata, ta riƙe ni kamar ɗanta. Wani dare na hunturu ta sauko da wani gwangwanin biskit daga kan kabad, ta zazzage shi a teburin kicin. Cike yake da ƙananan katuna masu baƙin gefe, kowanne da hoton mamaci da sunansa da ranar rasuwarsa da 'yar addu'a, irin waɗanda ake rabawa wajen jana'iza. A ƙasansu akwai wasiƙu daure da zare, daga Lowell a jihar Massachusetts. Ita sunan gidansu Boisvert, amma wasiƙun duk an sa hannu Greenwood. Na ce su wa ke nan? Ta ce 'ya'yan baffana ne mana. Ta ɗora yatsa a kan sunan ta ce bois itace ne, vert kore ne, can masaƙa aka juya musu shi da Turanci. Ta ce tun rasuwar mahaifinta wasiƙun suka yanke, kuma tana so kafin ta mutu ta san ko akwai sauran su. Neman waɗannan mutane ne ya fara kai ni ɗakin adana tarihi na Kebek, kuma daga ranar ban daina zuwa ba.

Yanzu maganar yadda ake rubuta sunan. Abin da nake so ka riƙe shi ne, mutanen nan yawancinsu ba su ne suka rubuta sunayensu ba. Idan ka fara karanta kundayen za ka gaji da ganin jimla ɗaya a ƙarshen kowace shaida: ont déclaré ne savoir signer, wato sun ce ba su iya sa hannu ba. Manomi ya faɗi sunansa da baki, liman ya rubuta abin da kunnensa ya ji, da ƙa'idar rubutun da ya koya. Liman ɗaya ma yakan rubuta suna iri biyu a shafi ɗaya, iri ɗaya a gefen shafi, wani iri a cikin rubutun. Thibault, Thibaut, Thibeau, Tibo, duk abu ɗaya ake faɗa. Lefebvre da Lefèvre da Lefaivre haka. Wani lokaci sunan yakan yi nisa har ka kasa gane shi: da yawa daga masu amsa Dion a yau jikokin Jean Guyon ne, baki ne ya lanƙwasa sunan a hankali. Shi kuma Audette na takardar baftismar nan, dalilinsa a fili yake. Mutanen Kebek suna furta harafin t na ƙarshen suna, ba kamar mutanen Faris da ke haɗiye shi ba. Mai rubutu ya ji t ɗin ya fito sarai, sai ya ƙara te a ƙarshe. Haka Ouellet ya zama Ouellette.

Kai da kake Bakatsine ai ka san wannan. Ƙetara Jibiya ka shiga Maraɗi, Usman ya zama Ousmane, Musa ya zama Moussa, Yusufu ya zama Issoufou. Ni kaina ina da 'yan'uwa a Kano, kakanmu ɗaya, amma in ka ajiye takarduna da nasu ba za ka ce sunan mutum ɗaya muke ɗauke da shi ba. Kunnen Bafaranshe ne ya rubuta nawa, kunnen Bature ɗan Ingila ya rubuta nasu.

Irin wannan ne ya sami mutanen Kebek da suka gangara Amurka, sai dai nasu ya fi tsanani. Tsakanin 1840 da 1930 kusan mutum 900,000 suka bar Kebek, gonaki sun yi kaɗan, bashi ya yi yawa, masaƙu kuma suna neman hannu a Lowell da Manchester da Lewiston da Woonsocket da Fall River. Magatakardan masaƙa da malamin ƙidaya ba sa jin Faransanci. Ko dai su rubuta da kunne, ko a fassara. Da kunne ne Hébert ya zama Abare, Benoît ya zama Benway, Gauthier ya zama Gokey, Boucher ya zama Bushey, Ouellette ya zama Willett, Archambault ya zama Shambo, Audet kuma ya zama Odett ɗinku. Da fassara ne Roy ya zama King, Leblanc ya zama White, Lapierre ya zama Stone, Boulanger ya zama Baker. A jiharku ta Vermont akwai masu amsa Shortsleeves, asalinsu Courtemanche, gajeren hannun riga. Akwai Drinkwine, asalinsu Boivin. Har da fassarar kuskure: an ji kamar akwai kalmar wake a cikin Lefebvre, sai wasu suka zama Bean. Sunayen yanka ma ba su tsira ba, Jean-Baptiste ya koma John, François-Xavier ya koma Frank, Narcisse ya koma Nelson.

To ga inda nake so ka yi taka-tsantsan, don nan ne mafi yawan masu nema ke faɗawa rami. Da ka rubuta Audet dit Lapointe a intanet, cikin minti ɗaya za a nuna maka Nicolas Audet dit Lapointe, mutumin yankin Poitou na Faransa, wanda ya auri Madeleine Després a 1670 a cocin Sainte-Famille da ke tsibirin Orléans, gab da birnin Kebek. Ita Madeleine tana cikin 'yan matan nan kusan 800 da aka kawo daga Faransa da kuɗin sarki tsakanin 1663 da 1673 don su yi aure, waɗanda ake ce wa 'ya'yan sarki. Za ka kuma ga bishiyoyin salsala da mutane suka kakkafa, a shirye, kamar kai suke jira. Mai yiwuwa ne ƙwarai shi ne tushen gidan matarka, tunda kun ga sunayen biyu a jikin mutum ɗaya. Amma tsakaninsa da mutumin Winooski akwai kakanni shida ko bakwai da ba ku san ko ɗaya ba, kuma laƙabin Lapointe ba na Audet kaɗai ba ne. Akwai Desautels dit Lapointe a yankin Montreal, akwai Tousignant dit Lapointe. Kama da wane ba ta wane. Ni a ganina wanda ya kwafi bishiyar wani ya manna wa 'ya'yansa bai ba su komai ba, don bai san ko nasu ba ne. Daga ƙasa ake hawa, tsani ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane tsani takardar aure ce.

Dalilin da ya sa na ce takardar aure shi ne wannan. A kundayen Kebek mace ba ta rasa sunan gidan ubanta. Da shi aka yi mata baftisma, da shi za a ɗaura mata aure, da shi za a rubuta ta a haihuwar kowane ɗa, da shi za a binne ta. Saboda haka ba mutum ɗaya kake nema ba, ma'aurata kake nema. Sunan miji ya yi ta rawa yadda ya ga dama, in dai sunan matar ya tsaya, garin ya yi daidai, shekarun sun yi daidai, ka kama su. Ita kuma takardar auren tsarinta kusan ɗaya ne a kowane coci. Liman zai fara da kwanan wata, da haruffa, ba da lamba ba. Ya ce bayan an yi shelar aure sau uku a coci, tsakanin wane, manomi ko leburan yini, fils majeur ko fils mineur, wato ɗa wanda ya kai shekarun mallakar kansa ko bai kai ba, na wane da wance, mutanen gari kaza. Sannan ya yi wa amarya haka. Idan uba ya rasu za ka ga feu ko défunt gaban sunansa. A ƙarshe ya jero shaidu, yakan ma faɗi dangantakarsu: uban ango, wan amarya, kawu. Ka ga a shafi guda ka sami sunan iyaye huɗu, da sunan gidan iyaye mata biyu, da garinsu. Sai ka ɗauki sunan iyayen ango ka nemo tasu takardar auren, ita ma ta miƙa ka ga ta gaba. Wuri ɗaya ne sarƙar ke tsinkewa: idan ka ga veuf de ko veuve de, wato matarsa ko mijinta ya rasu, a nan liman yakan ambaci marigayin ne maimakon iyaye. Sai ka koma baya ka nemo auren fari.

Aikin da ke gabanku yanzu a Amurka yake, ba a Kanada ba. Abu biyu kuke nema: sunan gidan matar mutumin nan, da sunan iyayensa. Ku fara da takardar mutuwarsa da ta kowane ɗa nasa a ofishin magatakardan gari, don a nan akan rubuta sunan uba da na uwa, ko da a karkace. Daga nan ku nufi kundin coci, wanda ya fi na hukuma amfani nesa ba kusa ba, saboda limaman cocin Faransawa sun san yadda sunayen suke. A Burlington akwai cocin Saint-Joseph da aka kafa wa mutanen Kebek a 1850. A Winooski kuma akwai Saint-François-Xavier tun 1868, kuma limaminta na farko shi ma Audet ne, Fada Jean-Frédéric Audet, ka ga ba za a ce bai iya rubuta sunan ba. Wasu shafukan da Latin suke, kada ya firgita ku, sunayen zuriya ba sa canjawa. A kowace baftisma ku rubuta sunan uban baftisma da uwar baftisma, parrain da marraine. Galibi dangi ne na kusa, kuma sau da yawa ta kansu ake gano garin da aka fito, don mutanen ƙauye ɗaya sukan bi juna zuwa masaƙa ɗaya. Ku duba ƙidayar 1870 da ta 1900, ta 1900 tana faɗin shekarar da mutum ya shigo Amurka. Kada ku ɓata lokaci neman ta 1890, gobara ta ci mafi yawanta a 1921. Idan kun rasa baftismar manyan 'ya'yan a Vermont, ku leƙa ƙetaren iyaka, don iyalai da yawa sun yi ta kai da komo, kuma da yawa daga mutanen yankinku daga kwarin kogin Richelieu na Kebek suka gangaro.

Da zarar kun sami sunan ma'aurata, Kebek za ta buɗe muku, don ban san wata ƙasa da ta adana irin waɗannan kundaye kamarta ba. Na cocin Notre-Dame a birnin Kebek sun fara daga 1621. Na farkon sun ƙone a gobarar 1640, limamai suka zauna suka sake rubuta su daga abin da mutane suka tuna. Daga 1679 aka riƙa yin kundi biyu, ɗaya a coci, ɗaya a kai kotu, shi ya sa ko coci ya ƙone akan sami ɗayan. Kuma har zuwa 1994 kundin coci shi ne rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta hukuma. A shekarun 1940 cibiyar Drouin ta zagaya coci-coci ta ɗauki hoton shafukan, hotunan nan ne ake gani yau a shafukan intanet na Généalogie Québec da Ancestry, da kuɗi. FamilySearch na da nata hotunan kyauta. Wanda na fi dogara da shi shi ne PRDH, aikin da Jami'ar Montreal ta faro a 1966, inda aka bi kundayen aka haɗa kowane mutum da iyayensa da matarsa da 'ya'yansa, aka kuma tattara rubuce-rubucen suna ɗaya a ƙarƙashin kai guda. In ka nemi Audet zai kawo maka Audette da Odet da sauransu. Na littafi kuwa, akwai ƙamus ɗin Fada Cyprien Tanguay mai juzu'i bakwai da ya fito tsakanin 1871 da 1890. Aiki ne na ban mamaki ga mutum ɗaya, amma yana da kurakurai, kada ka ɗauke shi hujja ta ƙarshe. Na René Jetté na 1983, wanda ya tsaya a 1730, ya fi shi inganci. Kusa da ku kuma, a Manchester ta New Hampshire da Woonsocket ta Rhode Island, akwai ƙungiyoyin jikokin mutanen Kebek masu ɗakunan karatu, dattawan da ke aiki a wurin sun san waɗannan karkatattun sunaye kamar yunwar cikinsu.

Komai ka gani a jerin da aka buga a kwamfuta, ka buɗe hoton shafin ka gani da idonka. Wanda ya buga jerin shi ma mutum ne, yana fama da rubutun hannu na shekara ɗari biyu. Tsohon harafin s dogo ne, yana kama da f. Harafin u da n ba a bambanta su. L babba da S babba sukan rikice, sai ka nemi Lapointe ka rasa, ashe yana can an buga shi Sapointe. A gefen shafi za ka ga B ko M ko S, wato baftisma, aure, binnewa. A sunan watanni kuma akwai tarko: 7bre Satumba ne, ba Yuli ba, 8bre Oktoba, 9bre Nuwamba, Xbre Disamba.

Saura batun Joseph. A ƙarni na 19 da farkon na 20 ya zama al'ada kusan kowane ɗa namiji a sa masa Joseph a gaba, mace kuma Marie, sannan sunan da za a riƙa kiransa ya biyo baya. Saboda haka Joseph ɗin da ɗayan sunan duka nasa ne. Sai dai ka kula, idan yaro ya rasu yana ƙarami, sukan mayar wa na bayansa sunan. Kana iya samun baftisma biyu da suna ɗaya, iyaye ɗaya, shekara biyu tsakani. Ka duba shafukan binnewa kafin ka zaɓa.

Wannan darasi da tsada na saye shi. A neman dangin dattijuwar nan tawa, na sami wani mai sunan kakanta, a garin da ta faɗa, shekarun haihuwa sun yi kusa. Murna ta ɗauke ni, na bi shi sama har kakanni huɗu, wata uku ina aiki, na kai mata na karanta mata, ta yi ta hawaye. Daga baya na koma in cike wani gurbi, na buɗe takardar aurensa da kyau, sai na ga sunan matar ba na kakarta ba ne. Ashe su biyu ne a garin, 'ya'yan wa da ƙane, suna ɗaya, shekara ɗaya tsakaninsu. Ta wajen uba daga sama sun haɗu, amma matarsa da mahaifiyarsa da danginsu da na karanta mata ba nata ba ne. Hawa benen nan in gaya mata ya yi mini nauyi ƙwarai. Ta saurare ni, ta ce to mu sake, ai mutanen suna nan inda suke. Muka sake. Boisvert ɗin ma ashe laƙabi ne, kuma fiye da gida ɗaya ne suka ɗauke shi. Tun daga ranar ba na rubuta sunan namiji a takardata sai da na matarsa a gefe.

Shi kuwa yaro, aikin makaranta ba zai jira ku gama wannan ba. Ya rubuta abin da kuka tabbatar, ya tsaya a kan mutumin Winooski, ya sa sunansa cikakke: Audet dit Lapointe, a ƙarƙashi ya jera Odett da Audette da Lapoint, kowanne da takardar da aka gan shi. A sama ya bar gurbi. In kun sami sunan gidan matar, ku sake rubuto mini, mu duba tare. A gaida iyali, a gaida surukarka da kyau.

TAMBAYA

Malam, ni 'yar Maraɗi ce, ina aure a Gatineau. Maigidana ɗan Kebek ne, sunan gidansu Tremblay. Ya yi gwajin DNA, aka nuno masa dangi dubbai, har ya rasa ta inda zai fara. Shin wannan gwajin bai isa ya nuna masa kakanninsa ba, sai an bi ta kundin coci?

'Yar'uwarku a Gatineau

AMSA

'Yar'uwa, bai isa ba, kuma yawan dangin da kuka gani shi ne dalili. Faransawan da suka zo suka zauna suka bar zuriya kafin Ingila ta karɓe ƙasar a 1760 ba su fi dubu goma ba, kuma jikokinsu sun yi ta auren juna shekara da shekaru a ƙauyukan bakin kogi. Saboda haka kusan duk mai jinin Kebek ɗan'uwan ɗayan ne ta hanyoyi da dama a lokaci guda. Na'urar masu gwajin takan tara waɗannan ƙananan alaƙoƙi ta nuna mutum kamar ɗan'uwa na kusa, alhali kakan da ya haɗa su yana can shekara ɗari biyu ko uku baya. Gwajin zai yi masa amfani a kan na kusa sosai, waɗanda ke saman jerin, da kuma inda kundi ya ce iyaye ba a san su ba. Amma ba zai faɗa masa sunan kakan kakansa ba.

Maigidanki ya yi sa'a ta wani gefen. Tremblay shi ne sunan da ya fi kowanne yawa a Kebek, kuma tushensa mutum ɗaya ne, Pierre Tremblay, wanda ya auri Ozanne Achon a birnin Kebek a 1657. Ƙarshen hanyar sananne ne, tsakiyar ce aikin, don a yankin Charlevoix da Saguenay za ku tarar da masu suna ɗaya birjik a coci ɗaya, wani lokaci ango Tremblay, amarya ma Tremblay. Ya fara da takardar auren iyayensa, ya kwafe sunan kakanninsa huɗu yadda aka rubuta su harafi da harafi, tare da sunan cocin da shekarar. Idan akwai wata gwaggo ko inna da ta manyanta a dangin, ku kai mata ziyara wannan makon, ku tambaye ta ko tana da katunan jana'iza a ajiye.